Nikiyas, Kwamandan da Husufin Wata Ya Tsayar

A daren 27 ga Agusta, shekara ta 413 kafin Miladiyya, dubban mayaƙan birnin Atina suna gaɓar tekun Sirakus a tsibirin Sisili, kowa ya ɗaure kayansa. An riga an sanar da su a asirce cewa da zarar an ba da alama, a shiga jirage a fice. Shekara biyu ke nan da barinsu gida da niyyar cin Sirakus da yaƙi, ga shi yanzu su ne ake shirin ritsawa. Cuta ta addabi sansanin domin a fadama aka kafa shi, abokan gaba kuma kullum ƙaruwa suke yi. Duk da haka mashigin tashar jiragen yana buɗe, hanyar gida ba ta toshe ba tukuna.

Sai wata, wanda ya cika da'ira a daren, ya soma dushewa har ya yi duhu.

Mayaƙa suka firgita, mafi yawansu suka matsa wa kwamandoji a dakata. Aka nemi 'yan duba, suka ce sai an yi kwana tara sau uku, wato kwana 27. Babban kwamandan rundunar, Nikiyas ɗan Nikeratus, ya ce ko tattauna batun tafiya ba zai sake yarda a yi ba sai wa'adin ya cika. Cikin 'yan makonni jiragen suka ƙare, rundunar ta tarwatse, shi ma aka kashe shi.

Tukididis, masanin tarihin da ya rayu a zamanin kuma shi ma ya taɓa riƙe kwamanda, ya faɗi abu biyu a kan Nikiyas. Da ya zo kan husufin, ya ce mutumin ya cika jingina ga duba da makamantansa. Da ya zo kan kisansa, ya ce a duk Girkawan zamaninsa babu wanda bai cancanci irin wannan ƙarshe ba kamarsa, saboda yadda ya tsara rayuwarsa kacokan a kan nagarta. Tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu akwai tambayar da ta fi tarihin Girka faɗi: idan shugaba ya yanke shawara don tsoron abin da yake bauta wa, da zuciya ɗaya, shawarar kuma ta hallaka waɗanda ke ƙarƙashinsa, a wuyan wa alhakin yake? Tsarkin niyya yana wanke mai riƙe da rayukan jama'a?

Kafin a amsa, sai an san wane ne mutumin. An haifi Nikiyas wajen shekara ta 470 kafin Miladiyya, yana kuma cikin manyan attajiran Atina. Dukiyarsa daga ramukan haƙar azurfa na Loriyon take. Marubuci Zenofon ya ruwaito cewa yana da bayi 1,000 da ya bayar haya a ramukan, ana biyansa obol ɗaya kan kowane bawa a kullum. Obol shida ke yin dirakma ɗaya, dirakma ɗaya kuwa ita ce ladan yini da gwamnati ta biya matuƙan jiragen da suka tafi Sisili. Ke nan daga hayar bayi kaɗai yana samun ladan mutum sama da 160 a kowace rana. Abin lura ne cewa marubutan da suka yabi halinsa ba su ga wani cikas a nan ba. Wahalar bawa a cikin rami ba ta shiga lissafin nagarta a wurinsu.

Ibadarsa kuwa ba ta ɓoyu ga kowa ba. Fulutak, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa bayan kimanin shekara 500, ya ce kullum sai ya yi wa gumaka yanka, kuma yana da ɗan duba na kansa da ke zaune a gidansa. Ya ƙara da cewa Nikiyas yakan nuna kamar al'amuran gari yake sa a duba masa, alhali yawanci batun ramukansa ne. Lokacin da ya jagoranci tawagar Atina zuwa bikin addini a tsibirin Dilos, ya sa an ƙera gadar kwale-kwale tun daga gida, an yi mata ado da ruwan zinari da launuka, aka shimfiɗa ta cikin dare daga tsibirin da ke maƙwabtaka. Da gari ya waye sai ga mawaƙa cikin kayan ado suna ƙetarowa a jere. Ya kuma sayi fili na dirakma 10,000 ya bayar ga wurin bautar, da sharaɗin a riƙa yanka da kuɗin da yake kawowa ana yi masa addu'a.

Wani zai ce wannan neman suna ne da kuɗi, kuma Fulutak kansa bai kore wannan zato ba. Sai dai akwai labarin da ke nuna abin ya kai zuci. A shekara ta 425 ya kai hari ƙasar Koranti ya yi nasara, aka kashe mayaƙan Koranti 212, na Atina kuma ba su kai 50 ba. Bayan sun koma jirage sai aka gane an bar gawa biyu a fagen fama. A al'adar Girkawa, wanda ya aika manzo yana roƙon gawawwakinsa ya amince ke nan cewa filin ba a hannunsa yake ba. Nikiyas ya aika. Ya gwammace ya saki sunan nasara da ya bar 'yan garinsu biyu ba a binne ba. Kwamandan da ke neman suna kawai ba zai yi haka ba.

Amma wannan hali yana tafe da wani, wato tsoro. Nikiyas yana tsoron mutanen Atina fiye da yadda yake tsoron abokan gaba. Ba ya zuwa cin abinci gidan kowa, ba ya zaman hira. Masu kai ƙarar ƙarya don su ci kuɗi sun san ƙofarsa, domin yakan ba su abin da zai rufe musu baki, har mawaƙan barkwanci suka mai da abin abin dariya a dandali. Yakan zaɓi yaƙin da ya tabbata zai ci, idan ya ci kuma ya jingina nasarar ga sa'a da taimakon gumaka don kada a yi masa hassada. A wannan shekara ta 425, da ɗan siyasa Kiliyon ya yi masa gori a majalisar jama'a kan mayaƙan Sifarta, birnin da ke yaƙi da Atina, da aka ritsa a wani tsibiri kusa da Filos, Nikiyas ya ce to ya karɓi kwamandan ya je da kansa. Kiliyon ya so zamewa, jama'a suka yi masa caa, ya tafi, ya kuma dawo cikin kwana 20 da ya alkawarta da fursunoni 292. Nikiyas ya tsira daga kasada, ya kuma miƙa wa babban abokin hamayyarsa ɗaukaka.

Ko sulhun da ya ƙulla da Sifarta a shekara ta 421, wanda har yau da sunansa ake kiransa, Tukididis ya ce daga cikin dalilansa akwai son ya adana sa'arsa tun ba ta juya ba, ya bar suna a matsayin wanda bai taɓa jawo wa garinsu asara ba. An ƙulla sulhun na shekara 50. Bai kai ko'ina ba.

A shekara ta 415 jakadun garin Egesta na Sisili suka zo neman taimako, saurayin ɗan siyasa Alkibiyadis ya zuga majalisa, aka amince da tura jirage 60. Aka naɗa kwamandoji uku: Alkibiyadis, Lamakus da Nikiyas, wanda bai so tafiyar ba ko kaɗan. Ya tashi ya yi gargaɗi mai ma'ana: ga abokan gaba a ƙofar gida, a tafi neman wasu a ƙetaren teku, a ƙasar da ko an ci ta ba za a iya riƙe ta ba. Ba a saurare shi ba. Sai ya canja dabara, ya shiga lissafa irin ɗimbin jirage da mayaƙa da guzurin da tafiyar ke bukata, da fatan tsadar ta sa su janye. Jama'a suka ɗauka shawarar gwani ce kan yadda za a tabbatar da nasara, suka ce ya faɗi adadi. Ya ce aƙalla jirage 100 da mayaƙa masu sulke 5,000. Aka ba shi. Rundunar da ta taru ta kai jiragen yaƙi 134 da masu sulke 5,100, ban da maharba da jiragen kaya. Da an bi shawarar farko, da asarar ba ta wuce ta jirage 60 ba. Dabararsa ce ta mai da kasadar ta zama ta birnin gaba ɗaya.

A nan aka fara ganin salon da zai maimaitu har ƙarshe. Nikiyas yakan hango gaskiya kafin kowa, amma ba ya iya tsayawa a kanta da sunansa. Sai ya nemi wani abu da zai faɗe ta a madadinsa.

Ba a jima da isa Sisili ba aka kira Alkibiyadis gida don ya amsa tuhumar keta alfarmar addini, ya gudu ya koma wajen Sifarta. A shekara ta 414 aka kashe Lamakus a fafatawa. Nikiyas ya rage shi kaɗai, ga ciwon ƙoda. Ya kusa kewaye Sirakus da ganuwa, har mutanen garin sun fara maganar miƙa wuya, sai kwamandan Sifarta Gilifus ya iso da 'yar ƙaramar runduna. Nikiyas ya raina ta, bai tare ta da wuri ba. Gilifus ya shiga gari, aka gina katangar da ta datse ta Atinawa, masu kewaye suka zama abin kewayewa. Nikiyas ya rubuta wa majalisa wasiƙa: ko a janye rundunar, ko a turo wata kamarta, shi kuma a sauke shi saboda rashin lafiya. Bai ce ga wanda ya zaɓa ba. Majalisa ta ƙi sauke shi, ta turo Dimostanis da Yurimidon da jirage 73 da masu sulke kusan 5,000.

Dimostanis mutum ne mai hanzari. Ya kai harin dare kan tudun da ke bisa garin, aka fara da nasara aka ƙare da ruɗani, mayaƙa suna sarar junansu cikin duhu, wasu suna faɗawa daga kan duwatsu. Nan take ya ce a tattara a tafi tun teku na hannunsu.

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai neman adalci ya tsaya ya duba da kyau, domin a lokacin babu husufi, babu ɗan duban da ya ce komai. Nikiyas ya ƙi. Yana da mutane a cikin Sirakus da ke aiko masa cewa garin ya kusa gajiya, kuɗinsu ya ƙare, wannan dalili ne. Amma dalilin da ya bayyana a gaban kwamandoji, kamar yadda Tukididis ya kawo, shi ne cewa Atinawa ba za su yafe janyewar da ba su ba da izininta ba, kuma waɗannan mayaƙan da ke kukan wahala yau su ne za su isa gida su ce an ba kwamandoji cin hanci. Ya ce ya san halin mutanensa, don haka gara ya mutu a hannun abokan gaba da a kashe shi a gida kan tuhumar wulaƙanci. Maganar tana da kamar jarumtaka, sai an tuna cewa ba shi kaɗai zai mutu ba. Dubban mutane ne ya ɗora a kan ma'aunin mutuncinsa ba tare da an tambaye su ba.

Sai da Gilifus ya sake kawo ƙarin mayaƙa, cuta kuma ta ƙara tsanani, sannan ya sassauta, da sharaɗin kada a yi ƙuri'a a fili. A wannan gaɓa ce wata ya yi duhu. Ga mutumin da zuciyarsa ba ta son komawa gida, sama ta ba shi uzurin da babu alƙalin Atina da zai iya tuhumarsa a kai. Wannan ba ya nufin ƙarya yake yi. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ya gaskata alamar da gaske, kuma gaskatawar ta zo masa da sauƙi saboda ta yi daidai da abin da tsoronsa ke so.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kansa ita ce, ko a cikin addininsu husufin bai zo da fassara ɗaya tilo ba. Fulutak ya ce ƙwararren ɗan duban Nikiyas, Sitilbidis, wanda yakan rage masa camfi, ya mutu gab da lokacin. Ya kawo maganar wani masanin duba na baya, Filokorus, cewa ga masu shirin gudu ɓoyewar wata alheri ce, tun da mai sulalewa duhu yake bukata. Ya kuma ce abin da aka saba a kan irin wannan alama shi ne a yi hattara na kwana uku. Ke nan akwai fassarar da ta ce a tafi yanzu, akwai wadda ta ce a jira kwana uku, akwai ta kwana 27. Mutum ne ya zaɓi ta ƙarshen, ya kuma hana a sake duba ta. Fulutak ya ce ya yi watsi da kusan komai ya zauna yana yanka da duba har abokan gaba suka auko.

Wasu shugabannin Girka sun gamu da irin wannan alama suka bi wata hanya. Ana ba da labarin Ferikilis, wanda ya yi karatu wajen Anaksagoras, masanin da ya bayyana cewa inuwa ce ke rufe wata. Rana ta yi husufi yana shirin tashi da jirage, matuƙinsa ya ruɗe, sai ya ɗaga mayafinsa ya rufe masa ido, ya nuna masa cewa bambancin kawai shi ne abin da ya tare rana ya fi mayafi girma. A shekara ta 357 kuma, Diyon almajirin masanin falsafa Aflatun yana shirin kai yaƙi wannan gari na Sirakus wata ya yi husufi. Ɗan duban da ke tare da shi ya gaya wa mayaƙa cewa alamar na nufin dushewar mulkin azzalumin da za su yaƙa. Suka tashi, suka shiga garin.

Aflatun, wanda yake ɗan shekara 14 ko kusa da haka lokacin da bala'in ya faru, ya sa Nikiyas a cikin ɗaya daga littattafansa na muhawara, mai suna Lakis. Wasu iyaye biyu suna neman shawarar kwamandoji kan tarbiyyar 'ya'yansu, zance ya koma kan mene ne jarumtaka. Nikiyas na cikin littafin ya ce jarumtaka ilimi ce, sanin abin da ya cancanci a ji tsoro da abin da ya cancanci a tunkara. Lakis, ɗaya kwamandan da ke cikin muhawarar, ya yi masa ba'a cewa in haka ne 'yan duba ne jarumai. Nikiyas ya ce a'a, iyakar ɗan duba ya san alamun abin da ke tafe, ko mutuwa ko cuta ko nasara, amma tantance wanda ya fi alheri ga mutum ba aikinsa ba ne. Daga baya Sukurat, malamin Aflatun da ke cikin muhawarar, ya tunatar da su cewa doka ta ɗora kwamanda a kan ɗan duba, ba ta ɗora ɗan duba a kan kwamanda ba. Duk Ba'atinen da ya karanta wannan ya san yadda labarin ya ƙare. Aflatun ya sa mutumin ya furta da bakinsa ƙa'idar da ya karya a Sirakus.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga firgicin irin wannan dare, tun da a ƙasar Hausa ma akan ce rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwanaye. Musulunci kuwa ya yi maganar a sarari. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, Annabi ya gyara musu fahimta, ya raba husufi da mutuwa ko haihuwar wani, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Wannan koyarwa ta bar wa mai imani tsoron Allah da ibadarsa, ta cire masa damar karanta umarnin tafiya ko na zama a fuskar wata. Ba adalci ba ne a auna Nikiyas da saƙon da ya zo bayansa da shekara sama da 1,000. Amfanin kwatancen shi ne ya nuna cewa ibada da camfi abubuwa biyu ne da za a iya rabawa, kuma misalan Ferikilis da Diyon sun nuna akwai Girkawan da suka iya raba su.

Masu kare shi suna da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. Ba shi ya fara neman a dakata ba, mayaƙan ne. Da yawa daga cikinsu kuwa 'yan ƙasa ne masu ƙuri'a, ba bayin da za a kora cikin jirgi da bulala ba, kuma matuƙin da ya yi imani gumaka sun hana tafiya ba zai ja filafili da ƙarfi ba. Ilimin Anaksagoras bai yaɗu ba, shi kansa an tuhume shi da saɓon gumaka har ya bar Atina. Rundunar ma ta baro gida ne cikin zullumi, domin ana gab da tashi aka wayi gari an farfasa fuskokin gumakan dutse da ke ƙofofin gidajen birnin. Duk wannan gaskiya ne. Amma a rundunar babu wanda maganarsa kan addini ta kai ta Nikiyas nauyi. Da shi, wanda kowa ya san ba ya wasa da gumaka, ya tashi ya ce duhun nan sutura ce aka aiko musu, ko ya ce a yi yanka kwana uku a tafi, da wuya a sami mai musa masa. Sunan da ya tara shekara da shekaru a wurin ibada shi ne makamin da ya fi dacewa da daren, bai kuma yi amfani da shi don fitar da mutanensa ba.

Sirakusawa da suka ji labari ba su jira ba. Suka fito da jirage 76 suka karya 86 na Atina, aka kashe Yurimidon. Suka toshe mashigin tashar da jiragen da aka ɗaure da sarƙa. Atinawa suka zuba duk mai iya faɗa cikin jirage kusan 110 don su fasa shingen, aka sake cin su a gaban idon 'yan'uwansu da ke kallo daga gaɓa. Tukididis ya ce tsananin ruɗewa ya sa ko tunanin roƙon gawawwakinsu ba su yi ba. Kwamandan da ya taɓa sakin nasara saboda gawa biyu ya bar ɗaruruwa suna yawo a kan ruwa.

Mutum 40,000 suka kama hanya a ƙasa, suka bar marasa lafiya da masu rauni suna kiran sunayensu. A wannan tafiya ce Nikiyas ya nuna mafi kyawun halinsa. Yana fama da ciwo, amma yana bin sahu-sahu yana ƙarfafa gwiwa, yana ce musu shi da ya cika haƙƙin gumaka da na mutane ga shi cikin halin da mafi ƙanƙantarsu yake ciki, kuma yana fatan an hukunta su ya isa haka. Dimostanis da mutum 6,000 suka miƙa wuya. Sauran suka isa kogin Asinarus ƙishirwa ta gigita su, suka afka ruwa suna tattake juna, ana harbinsu daga gaɓa, suna shan ruwan da ya gauraye da laka da jini. Nikiyas ya miƙa kansa ga Gilifus, ya ce a yi yadda aka so da shi amma a daina kashe mutanensa.

Gilifus ya so kai shi Sifarta da rai. Sirakusawan da suka riƙa aika masa saƙo a ɓoye suka ji tsoron zai tona su idan aka azabtar da shi, mutanen Koranti da ke taya Sirakus yaƙi kuma suka ji tsoron zai sayi hanyar tsira da dukiyarsa. Aka kashe shi tare da Dimostanis. Fursunoni aƙalla 7,000 aka zuba a ramukan fasa dutse, rana na dukansu da yini sanyi da dare, da ɗan ruwa da ɗan hatsin da bai isa rai ba. Bayan kwana 70 aka sayar da wasu, Atinawa da abokansu na Sisili da Italiya aka bar su a ciki.

To, yaya za a daidaita wannan da hukuncin Tukididis cewa bai cancanci ƙarshensa ba? Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, domin tambayoyi biyu ne daban. Ko mutum ya cancanci a kashe shi yana fursuna tambaya ce kan halinsa, kuma Nikiyas bai ci amana ba, bai saci kuɗin gari ba, bai guje wa mayaƙansa ba. Ko shi ne sanadin abin da ya sami rundunar tambaya ce kan aikin da aka damƙa masa. Nagartar da ya ƙware a kai ta tsare kai ce: kada a same shi da laifi wajen gumaka, kada a same shi da laifi wajen majalisa. Ga mai zaman kansa wannan ya isa. Shugabanci kuwa yakan kawo ranar da ceton jama'a ke bukatar shugaba ya yarda a zarge shi, ko ma a hukunta shi bisa zalunci. Sau biyu ranar ta zo wa Nikiyas, bayan harin dare da kuma daren husufi, sau biyun ya zaɓi abin da zai bar sunansa da tsabta.

Girkawa kansu ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Littafin tsarin mulkin Atina da ake danganta wa Aristotal ya sa shi cikin mutum uku mafi nagarta a 'yan siyasar birnin na baya-baya. Marubuci Fosaniyas kuwa, wanda ya ga dutsen da aka zana sunayen mamatan Sisili a maƙabartar Atina, ya ce akwai sunan Dimostanis amma an tsallake na Nikiyas, saboda an ɗauka ya miƙa wuya da son ransa.

Sai dai garin da ya tsallake sunan nasa yana da nasa kaso. Tsoron Nikiyas ba mafarki ba ne. A shekara ta 424 kwamandoji uku sun dawo daga wannan tsibiri na Sisili ba tare da sun ci shi ba, aka kori biyu daga gari aka ci tarar na ukun, wato Yurimidon, bisa zargin cin hanci. Tukididis ma korarsa aka yi bayan an ƙwace garin Amfifolis. Jama'ar da ke hukunta mai kawo mata labari marar daɗi tana koya wa shugabanninta su nemi abin fakewa. Fulutak ya ce labarin Sisili ya fara isa ne ta bakin wani baƙo da ya zauna aski a tashar Firayus. Wanzamin ya ruga cikin gari ya faɗa, aka kama shi aka ɗaure a kan abin azaba a matsayin mai yaɗa jita-jita, har sai da manzanni suka iso. Da gaskiya ta tabbata, Atinawa suka fusata da 'yan siyasar da suka zuga tafiyar, kamar ba su ne suka ɗaga hannu ba, suka kuma fusata da 'yan duban da suka yi musu bushara da cin Sisili.

Bayan shekara bakwai, a 406, jiragen Atina suka ci babbar nasara a kan na Sifarta a Arginusai, amma guguwa ta hana a ceto waɗanda jiragensu suka nutse. Majalisa ta kira kwamandoji takwas, biyu suka ƙi dawowa, aka yanke wa duka hukuncin kisa da ƙuri'a ɗaya, saɓanin dokar da ta ba kowa damar shari'arsa shi kaɗai. A cikin masu jagorantar zaman, Sukurat ne kaɗai ya tsaya kan cewa ba zai sa hannu a abin da ya saɓa doka ba, duk da ihun da aka yi masa. Aka kashe shidan da suka dawo, har da ɗan Ferikilis. Zenofon ya ce ba da daɗewa ba Atinawa suka yi nadama, suka koma tuhumar waɗanda suka zuga su. A shekara ta 404 birnin ya miƙa wuya ga Sifarta, kuma cikin waɗanda sabuwar gwamnatin mutum 30 ta kashe har da Nikeratus, ɗan Nikiyas, wanda ya gaji dukiyar.